Wayar Baba Tana Cikin Akwati

Ranar wata Talata, an tashi tara a firamaren da nake koyarwa a Kiru, ina zaune a gindin darbejiya ina cin ɗanwake ina duba Wasaf, sai na ga mahaifina a kan layi. Alhaji Mainasara, dillalin masara na Tudun Wada, wanda aka binne wata goma sha huɗu da suka wuce.

Ban taɓa goge lambarsa ba. Nakan buɗe shafin hirarmu in saurari saƙon murya na ƙarshe da ya turo mini, inda yake tambaya ko direba ya kawo mini buhun waken da ya aiko. Ranar da na buɗe, sai ga shi an rubuta a ƙarƙashin sunansa wai yana kan layi. Wurin hotonsa da ya daɗe fayau ya cika, amma babu fuskar Baba a ciki. Wani farin bijimi ne mai ƙaton tozo, yana tsaye a bakin gona.

Ni ba na cikin matan da za su ce aljani ne. Aljani ba ya sayen data. Mutum ne, kuma kafin in gama wanke hannu na riga na san mutumin da zuciyata ta nuna mini.

Ranar sadakar uku manya suka tattara kayan Baba: manyan riguna, huluna, agogo, takardun gonaki da wayarsa. Aka zuba a akwatin ƙarfe, aka datse da kwaɗo, aka ajiye a turakarsa, aka damƙa makulli a hannun ƙaninsa, Baffa Ubale. Haka ake yi a gidanmu. Kayan mamaci ko allura ba a taɓawa sai an raba gado, balle akwai marainiya ƙarama a ciki, autarmu Aisha Humaira, mai shekara tara. Rabon kuwa ya yi ta ja. Da farko aka ce a bari mahaifiyarmu, Hajiya Turai, ta fita takaba. Tana fita damina ta faɗi, aka ce ba a raba gona da shuka a cikinta. Aka yi girbi, sai yayanmu Mas'ud da ke aiki a ƙasar waje ya ce a jira shi, yana nan tafe. Har wata daminar ta kusa yana nan tafe.

Akwai kuma tsohon haushi tsakanina da wannan akwati. Ni na buɗe wa Baba imel da hannuna lokacin da ya sayi wayar, kuma can duk hotunansa ke taruwa, na aikin Hajji, na sunan ɗana, har da wanda yake dariya a kan tulin masara, hula a karkace. Kalmar sirrin na rubuta masa a takarda, takardar ta bi wanki, ni kuma na manta. Bayan sadakar arba'in na gwada shiga a kwamfutar makaranta, ta ce ta tura lambobi shida zuwa layin Baba. Sai na tafi wurin Baffa, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi buƙatata.

“Baffa, minti biyar kawai. A gabanka zan kunna ta, in kwafi lambobin, in kashe.”

“Wayar nan ba tawa ba ce, ba kuma taki ba ce,” in ji shi. “Akwai haƙƙin Humaira a cikinta. Ki yi haƙuri a raba.”

“Hoto ne fa, Baffa. Hoto ba ya raguwa don an kalla.”

“Yau ke hoto, gobe wani ya ce agogo zai ara ya je ɗaurin aure. In na buɗe miki, da wane bakin zan hana shi?”

Na tashi ina cewa to, amma raina a ɓace yake, kuma ban manta ba.

To yanzu ga lissafin da na yi a gindin darbejiya. Makulli ɗaya ne, yana hannun Baffa. Duk Juma'a bayan masallaci yakan shiga turakar shi kaɗai, wai yana duba gara da yoyo. Wayar shi Baffan kuwa 'yar ƙarama ce mai tocila, wadda madannanta suka goge har ba a ganin lamba. Kuma yana da shanun huɗa biyu a bayan gida, dukansu farare.

Na rubuta wa layin: “Salamu alaikum. Da wa nake magana?” Alama biyu suka yi shuɗi, wato an karanta. Shiru. Na kira. Aka ɗauka, na ji iska tana kaɗawa, na ji kukan bijimi kusa-kusa, sannan muryar namiji tana yankewa, “Alo, alo,” sai layin ya katse. Muryar ba ta fita sosai ba, amma kunnena ya ƙarasa mata abin da ya rage. Na sake kira sau uku, ba a ɗauka ba.

Na kira ƙanena Mudassir, mai shagon taki a Tudun Wada, na zayyana masa komai.

“Yaya, ki bi a hankali,” in ji shi. “Farin sa a ƙasar nan ai ya fi dubu.”

“Makullin akwatin fa, shi ma ya fi dubu?”

“Baffa ko saƙon tes bai iya buɗewa ba. Ni nake karanta masa.”

“Wanda ya iya buɗe kwaɗo zai sami mai koya masa sauran.”

Ya ce in dai yi haƙuri ya bincika. Na san binciken Mudassir. Zai kai shekara bai ɗaga ƙafa ba.

Ranar Asabar na hau mota, na sauka Kwanar Dangora na canza ta Tudun Wada. Ban ma fara shiga gidanmu ba, gidan Baffa na wuce da ledar lemo a hannu kamar mai zumunci. Ya yi murna da ganina, ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo fura. Ni kuwa idona yana kan aljihunsa. Na ga ya ɗan yi nauyi ta gefen dama. Da ya sa hannu sai ya zaro goro da carbi, na ce a raina to ɗayan aljihun fa. Muna cikin hira na danna lambar Baba a ƙarƙashin mayafi. Tana shiga, ina jin ƙararta a tafin hannuna, amma babu abin da ya yi motsi a zauren. Na ce lallai ya rufe mata murya, ko ya bar ta a bukkar gona. Da ya ce in zo in ga yadda shanun suka yi ƙiba, na bi shi da sauri, na tsaya ina kallon tozon babban ina kallon hoton da ke wayata. Ƙahon bai yi daidai ba. Na ce ai hoto yakan canza abu, ya danganta da inda mai ɗauka ya tsaya. Duk abin da bawan Allahn nan ya yi ranar, hujja na mayar da shi.

Da na isa gida na gaya wa Hajiya. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

“Ubalen?” ta ce. “Wanda ya goya ki a keke har asibiti kina ƙyanda, ruwa yana dukansa? Wanda ya karɓi waliccin aurenki? Ki iya bakinki.”

“Hajiya, to wa ke amsa wayar?”

“Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba na son in ji maganar nan a waje.”

Da na bi maganarta da an huta. Amma ranar Litinin na sake ganin bijimin a kan layi, zuciya ta ɗebe ni na rubuta: “Ka ji tsoron Allah. Kayan marayu ne a hannunka.” Aka karanta. Bayan kamar minti goma hoton ya ɓace, saƙon da na ƙara turawa ya tsaya da alama ɗaya. An toshe ni. Mai gaskiya, na ce, me zai sa ya toshe ni?

Muna da guruf na dangi, mutum arba'in da uku, daga na Bebeji har na Doguwa. Baffa ba ya ciki, amma matarsa tana ciki, 'ya'yansa ma haka. Na ɗora hoton shafin da na ɗauka tun ranar farko, sunan Baba a sama, bijimi a gefe, na rubuta a ƙasa: “Wayar Baba tana cikin akwati, makulli kuma hannu ɗaya yake. To wane ne wannan?” Ban ambaci sunan kowa ba, kuma na daɗe ina fakewa da hakan. Amma ko Humaira aka karanta wa ta san wanda nake nufi.

Kafin la'asar guruf ya kama da wuta. Mas'ud ya turo murya daga can inda yake, yana cewa shi dama ya daɗe yana jin wani abu a jikinsa. Wata gwaggonmu ta Bebeji ta ce a duba takardun gonaki ma. Matar Baffa ta fita daga guruf ɗin, 'ya'yanta suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon sunayensu suna fita, na ce a raina kunya ce ta kore su.

Ranar Alhamis Mudassir ya kira ni. “Baffa ya ce ki zo gobe bayan masallaci. Ya ce kada ki fasa.”

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Limamin unguwa yana zaune, da dattawa biyu abokan Baba, Hajiya tana daga bakin ƙofar ɗakinta. Mudassir ya kinkimo akwatin daga turaka ya dire a tsakiya. Baffa ya shigo da farar rigarsa ta Juma'a, ya gaisa da kowa, na durƙusa na gaishe shi ya amsa. Sannan ya kwance makullin daga zaren da ke wuyansa, ya miƙo mini.

“Ke za ki buɗe.”

Kwaɗon ya ƙi. Na murɗa, na sake murɗawa, hannuna ya yi ja da tsatsa. Sai da Mudassir ya ɗebo baƙin mai daga babur ɗinsa ya ɗiga, aka jira, aka bubbuga, sannan ya saki. Tun daga nan na fara shakkar lissafina, don kwaɗon da ake buɗewa duk mako ba ya yin haka.

Ƙamshin turaren Baba ya taso, Hajiya ta juya fuska. Riguna suna nan a ninke. A cikin wata hula zanna na sami wayar, an naɗe ta da farin hankici. Batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Na danna, ba ta ko yi ƙyaftawa ba.

Nan ya kamata in yi shiru. Amma bakina ya riga ni. “Layin fa?” na ce. “Ai ana iya cire layi a bar waya.”

Ba wanda ya dube ni. Mudassir ya karɓi allura a wurin Hajiya, ya tsokani gefen wayar, 'yar tiren ta fito. Ga sim ɗin Baba a kwance. Ya juye mini shi a tafin hannu. Sannan ya ciro tasa wayar, ya kira lambar, ya buɗe murya don kowa ya ji. Tana ta ringin a wani wuri, sim ɗin kuwa yana hannuna.

Liman ya yi salati a hankali. Ɗaya daga cikin dattawan ya fara raɗa wa ɗan'uwansa cewa irin wannan sai an haɗa da rubutu. Baffa ya jira suka yi shiru.

“Malam, ku shaida, ga kaya yadda aka ba ni,” in ji shi. “A ƙirga. Wayar kuma in kun yarda su kai wa masu gyara, a san inda maganar ta fito.” Aka ƙirga, komai ya cika. Ya ɗauki makullin ya ajiye a gaban liman. “Wannan kuma a nemi wani. Ni na sauke.”

Liman ya yi ta ba shi baki, dattawa suka sa nasu. Ya saurare su har suka gama, ya yi godiya, ya sa takalmansa ya fita.

Washegari da hantsi ni da Mudassir muka kai wayar Kwanar Dangora, wurin Nazifi mai gyaran waya, wanda rumfarsa ke kallon inda motoci ke lodi. Ban gama ba shi labari ba ya fara gyaɗa kai.

“An kulle ta da kayan gado, ko? Malama, a wata sai in ga irin wannan sau biyu, sau uku. Layi in ya daɗe ba kira, ba kati, kamfani rufe shi yake yi. In ya ƙara daɗewa sai su sake buga lambar a sabon sim su sayar. Wannan na hannunki ya mutu tuni. Lambar tana wurin wani, kuma da halaliyarsa ya saya.”

Ya sa sabon batir. Wayar ta yi jim, sannan ta kawo haske, Mudassir ya zana zanen buɗewa, don shi ya san shi. Nan take saƙonni suka cika fuskarta, wannan manhaja tana neman a sabunta ta, waccan ta ce ta tsufa ba za ta buɗe ba, ita kanta wayar tana da sabuntawa uku a jere. Mudassir ya kai yatsa zai danna, Nazifi ya riƙe hannunsa.

“Tsaya tukuna. Za a yi, dole ma a yi, wayar da ta shekara ba a sabunta ba ƙofarta a buɗe take. Amma bari in kwashe hotuna da muryoyin Alhaji in ajiye gefe. Wasaf ɗin in ya tashi lamba zai nema, lambar kuma ba taku ba ce yanzu.”

Yana kwashewa ya kira layin da tasa wayar. A karo na biyu aka ɗauka. Sunan mutumin Sha'aibu, makiyayi ne a wani ƙauye na Doguwa, gefen dajin Falgore, Hausarsa tana da ɗanɗanon Fulatanci. Wata biyu ke nan da ya sayi layin sabo fil a kasuwa. Bijimin nasa ne. Ya ce wata mata ta dame shi da saƙonni, aka karanta masa wai kayan marayu, ya ga alamar 'yan damfara ne ya sa aka toshe ta. Ina tsaye ina ji, na rasa inda zan sa fuskata.

Nazifi ya yi masa bayani, ya ce za a turo lambobi shida na buɗe imel ɗin Baba, ko zai taimaka ya karanto.

“A'a,” in ji Sha'aibu. “Wanda ya haɗa mini wayar ya ce ko uwata ce ta kira kada in karanta wa kowa lamba. Allah ya jiƙan mamacin, amma ban san ku ba.” Ya kashe.

Na fara masifa, Nazifi ya yi dariya. “Ya fi ku gaskiya, Malama. Ni ma abin da nake gaya wa mutane ke nan. Ku gode Allah irinsa ne ya sayi layin. Da wani ne, da lambar nan kaɗai ya isa ya shiga imel ɗin Alhaji, ya bi mutanensa ɗaya-ɗaya da sunansa.”

A ƙarshe ba mu buƙaci Sha'aibu ba. Tunda ba a taɓa fita daga imel ɗin a wayar Baba ba, ita kanta aka tambaya ta tabbatar, Nazifi ya danna eh. Na sa sabuwar kalmar sirri, muka cire tsohuwar lambar, muka sa tawa da ta Mudassir. Sannan ya bar wayar a caji tana ta sabunta kanta, tana mutuwa tana tashi, har aka kira azahar.

A motar Tudun Wada na yi ta shirya abin da zan faɗa. Wata zuciyar tana ce mini ai da Baffa ya ba ni minti biyar ɗin nan tun farko, da an kunna wayar, da wataƙila wani ya tuna ya sa mata kati, da duk haka ba ta faru ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, na kuma riƙe ta kamar guzuri. Amma na san ba ita ta rubuta abin da na rubuta a gaban mutum arba'in da uku ba. Tun a motar na shiga guruf na faɗi yadda abin yake, na ce na yi kuskure, na ambaci sunan Baffa wannan karon. Mutum huɗu suka amsa. Babu Mas'ud a cikinsu.

Na sami Baffa a bayan gida yana zuba wa shanu harawa. Na durƙusa a ƙasa, cikin turɓaya da kashin shanu, na faɗa masa duk abin da Nazifi ya ce. Guzurin nawa ban ma kai ga kwance shi ba, shi ya riga ni.

“Ashe layi ma ciyar da shi ake yi,” in ji shi. “Ban sani ba. Da na sani da na riƙa sa masa kati duk wata, ba sai an buɗe wa kowa ba. Wannan laifina ne, zan gaya wa Malam.”

“Baffa, ni na zo neman gafara. Na zarge ka, na kuma kai ka gaban dangi. Ka yafe mini don Allah.”

Ya karkaɗe hannuwansa, ya daɗe yana kallon shanun suna ci.

“Ranar da kika zo da lemo,” ya ce, “na ga kina kallon aljihuna. Na ɗauka goro kike so kina jin kunya.”

Kuka ya ƙwace mini. Ya bari na yi mai isata, bai hana ni ba, bai kuma matso ba.

“Na yafe miki duniya da lahira,” in ji shi. “Tashi, kada ki rasa mota. Ki gaida maigidan naki da yaron, Zulaihat.”

Sunan mahaifiyarsu, shi da Baba, aka sa mini. Tun ina cikin zanen goyo Baffa bai taɓa furta shi ba, ko a gaban malaman makaranta, ko ranar ɗaurin aurena. Uwata yake ce mini. Na tsaya ina jira ko zai gyara, sai ya sunkuya ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya.